Tikiti Biyu

Zakara bai gama gardama da asuba ba
muka bar Fier, ni da babana Shpëtim,
cikin tsohuwar motar da ke tari in ta hango tudu.
Ni ke tuƙi, shi ke ba da umarni
kamar a aljihunsa hanyar ta kwana:
"Vjollca, rage wuta. Dutse ba ya gudu."

Kogin Drino na raka mu ta gefe,
rabi ruwa, rabi farar tsakuwa.
Mai zuma ya jera kwalabe a bakin titi,
Baba ya sauka ya taya, bai saya ba,
ya dawo da murmushin wanda ya ci kasuwa.

Da hantsi muka shiga Gjirokastër,
garin da ya yi daɓe da dutse, ya yi rufi da dutse,
gidaje na hawa kafaɗar juna kamar 'yan kallo.
Can sama kagara ta miƙe a doron tsauni
kamar jirgin ruwan da teku ta tafi ta bari.

Yarinya mai yanka tikiti ta ce, "Mutum nawa?"
Baba ya ƙirga kuɗin sannu a hankali.
"Yayana Resul kyauta ya shiga nan," in ji shi,
"har da rakiya, da bindiga a ƙeya."
Yarinyar ta rasa inda za ta ajiye idonta.
Ni ma haka.
Shekarata arba'in da ɗaya, yau na fara ji.

Ciki sanyi ne da duhu da warin ƙarfe.
Igwa a dama, igwa a hagu, bakinsu a wangame,
sun daɗe ba su ce uffan ba.
A fili yara na ɗaukar hoto da gawar jirgin sama,
wata amarya na gyara mayafi gindin hasumiyar agogo.
Baba bai kalli ko ɗaya ba.
Ya bi wani lungu, ya ƙirga ƙofofi da sandarsa,
ya tsaya a ta bakwai,
ya ɗora tafinsa a bango
kamar mai duba zazzaɓin yaro.
Na ba shi baya, na karanta allon da ban ga rubutunsa ba.

Yunwa ba ta san tarihi ba.
Muka gangaro, gwiwa na ƙara,
zuwa rumfar inabi ta wata dattijuwa, Ervehe,
mai tebur huɗu da kyanwa ɗaya mai ido a kwano.
Ta kawo cuku fari, zaitun, nono mai gishiri a kofi,
sannan qifqi daga tanda, suna tiriri:
dunƙulen shinkafa da ƙwai da na'ana'a,
baya ya soyu, ciki na nan da taushi.

Baba ya ɗauki ɗaya, ya raba shi biyu,
ya leƙa ciki, sannan ya ci.
Haka yake yi wa burodi, haka yake yi wa ɓaure,
tun ina bisa cinyarsa nake yi masa dariya.

"Ina ɗan shekara tara," ya ce,
"ni ke hawo da su a ƙunshin gyalen Inna.
Mai gadi ya fasa kowanne da babban yatsa,
wai ko an cusa wasiƙa.
Resul bai taɓa cin guda ɗungurungum ba."
"Ya fito?"
"Ya fito. Rabinsa."

Ervehe ba ta tambayi komai ba.
Ta ƙaro huɗu, ta ce ba sa cikin lissafi.
Baba ya jujjuya ɗaya a tafin hannu, ya daɗe,
sai ya jefa shi baki gaba ɗaya.
Ya ƙone shi. Ya hura, ya yi hawaye, ya zagi tandar,
muka yi dariya har kyanwa ta gudu.

A hanyar komawa bai ce in rage wuta ba.
Barci ya kwashe shi kafin mu kai wurin mai zuma,
bakinsa a buɗe, hularsa a cinya,
tikitin nan biyu a cikinta.
Na tsaya na sayi kwalba ɗaya. Ban taya ba.