Baƙin da Ya Ƙi Nuna

Riguna talatin na 'yan ƙwallon Yelwa
Hamajoda ya ajiye min tun Talata,
ya ce lamba baƙa wuluk, a hango ta daga bakin Binuwai.

Firinta ta tofo takarda, na shimfiɗa a bayan riga,
na danne da injin zafi, na ƙirga.
Da na ɗaga, lamba tara ta fito
kamar shayin da aka yi wa ruwa na uku.

Na zargi hoda, na ciro kwalinta na girgiza
har yatsuna suka fi lambar baƙi.
Na zargi takarda, ko bayanta na buga.
Na jiƙa yatsa na taɓa, fuskarta ce.
Na ƙara daƙiƙa ashirin, ya yi ƙasa-ƙasa,
na rage, ya koma gansakuka.
Riga huɗu sun tafi, jaka takwas ke nan,
cikina ba komai sai goro.

Ana kiran la'asar Isiyaku mai walda ya kashe injinsa.
Fankar shagona ta farka da gudu,
ƙwan lantarki ya ware ido.
Ashe tun safe wutata yake sha ta bayan bango,
ƙarfen bai taɓa kai zafin da allonsa ke rantsuwa ba.

Yanzu sai Garwa ta yi barci nake aiki.
Ƙarfe ɗayan dare na ɗaga murfi:
tara, baƙa kamar gindin tukunyar Inna.
Na bar ta ta huce.
Saura ashirin da biyar,
da huɗun da zan biya.