Awon Mista Hebdin

A Sawakin na fara auna shi,
shekarar da 'yan fim suka sauka da motoci tara
suna neman kangayen murjani.
Ni tela ne, jikan maniyyatan da guzuri ya yanke musu
kafin su ƙetare Bahar Maliya.
Kekena yana rumfa, dab da mashigar tsibiri.

Kafaɗa sha bakwai, ƙugu talatin da takwas,
ƙafar hagu ta ɗara ta dama da rabin inci.
Ya ce haka ya zo duniya,
a wani garin Ingila
inda hayaƙin masaƙa ke rina wanki tun bai bushe ba.
Ubansa gyaran agogo yake yi,
shi ya gudu ya bi 'yan wasan kwaikwayo
da takalmin aro.

Jarumin fim yana da laima da mai yi masa fifita.
Rufus Hebdin kuwa a kan akwatin fitilu yake zama,
yana kurɓar jabana tare da mu,
citta na sa shi hawaye.

Ran Litinin na ɗinka masa kakin akawun kwastan,
ya sa, sai ga wuyansa ya shige kafaɗa,
idonsa ya koma na mai jiran cin hanci.
Ran Alhamis farar kwat ta likitan jirgi,
hannu na rawa, murya ta dushe.
Na koma na duba littafina:
awo ɗaya ne.
To ina yake ajiye sauran mutanen?

Na ce, Bature, sau nawa ka mutu?
Ya ƙirga da yatsu. Sha ɗaya.
Harsashi huɗu, guba biyu, ruwa ya ci ni sau ɗaya,
sauran na manta.
Kuma ban taɓa kaiwa ƙarshen labari ba,
mai gyaɗa bai gama zagaya 'yan kallo ba nake faɗuwa.
Sunana yakan fito bayan an kunna fitila,
kowa na laluben takalminsa.

Ba ya damunka?
Ya juya kwat ɗin da ke hannuna, ya nuna ciki.
Kai da kake tela, wa ke yabon shafin riga?
Cire shi ka gani.

Suka naɗe kayansu, suka bar mana gwangwanaye.

Shekara ashirin da wani abu,
a Bur Sudan, wurin mai shayi,
talabijin na ta surutu ba mai kula shi,
sai ga wani tsoho mai gadin ƙofa
ya buɗe, ya faɗi kalma uku, ya juya.
Tafiyar na gane.
Na miƙe na ce, rabin inci!
Aka dube ni kamar zafin rana ya taɓa ni.

Bara wasiƙar 'yarsa ta iso,
ta yi wata huɗu a hanya.
Ta sha biyun ce, a gadon asibiti, da asuba,
ba fitila, ba mai cewa a sake.

Awonsa na nan a littafina,
tsakanin na wani ɗan dako da na ladanin unguwa.
Ban soke ba.
Wani lokaci nakan karanta lambobin,
in ji kamar zai leƙo rumfa
ya tambaya yau wane ne shi.