Hawan Kwangila

A tsaye lafiya lau take.
Sai na taka totur a hawan gadar Kwangila
ta fara: ƙwas, ƙwas, ƙwas,
kamar mai bin bashi a ƙofar gida da asuba.

Barau na Muciya bai tambaye ni komai ba.
Ya kafa sukundireba a jikin inji,
ya manna kunne a ƙotar,
ya lumshe ido.
"Taka." Na taka.
"Saki."

Ni tuni na sayar da ragon layya a zuci,
ina lissafin kuɗin fistin.

Ya kwance fulogi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
ya shinshina tanki:
"Ina ka sha mai?"
Na ce galan biyu ne kacal, wajen 'yan bumburutu.
"Da kananzir a ciki. Araha ba ta ado."

Ya zuƙe tankin, ya goge fulogi,
ya ɗan murɗa taimin
kamar mai neman tasha a rediyo.

Da la'asar na sake hawa gadar.
Shiru.
Ƙwas ɗin da ya rage na gwiwata ne,
wannan kuwa Barau ya ce ba aikinsa ba ne.