Kan Hagu

Uwani ta tafi Funtuwa wankan jegon 'yarmu.
Ta bar min tiya guda ta wake, da albasa,
da kukar lantarki mai kai biyu
da na sayo a Sabon Gari shekarar da na yi ritaya.
Ta ce, Malam, kar ka ƙona gida kafin Talata.

Bayan la'asar aka kawo wa Gyallesu wuta,
yara suka ɗauki ihu har kwanar mai shayi.
Na ɗauraye tukunya, na ɗora a kan hagu, na murɗa.
Ƙas!
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya tana kallona,
firji ya yi tari ya haɗiye.
Na leƙa waje, ƙwan gidan Tanimu na ci,
injin markaɗe bai fasa surutu ba.
Ni kaɗai aka yi wa sata.

Na taka kujera na ɗaga bireka,
ɗan baƙin harshen nan na gefen mita.
Na sauko, na murɗa. Ƙas!
Sau biyar, har gwiwa ta fara ƙirga min shekaru.
Na ce, kai ɗan jabu,
shekara talatin ina koyar da lissafi a Tudun Wada
ban ga ɗalibi mai saurin faɗuwa irinka ba,
tun ba a raba takarda ba ka kwanta.

Na samo guntun waya zan zagaye shi kowa ya huta,
sai sallama. Basira ce, autar Tanimu
mai karatun lantarki a Foli, ta zo aron rariya.
Ta dubi hannuna, ta dubi kujera.
Ta ce, Baba, mai gadi na ihun ɓarawo,
kai kuma bakinsa za ka ɗaure?
Sauko, bari in ɗauko testa.

Ta zare firji, ta zare dutsen guga da caja,
ta bar kuka ita kaɗai gaban alƙali.
Ta kwance fulogi, ta sansana soket, ba ƙauri.
Kan dama ya yi ja, fanka na juyinta.
Kan hagu, ƙas!
Ta ce, to, mun san ramin da ɓeran yake.
Ta kashe komai, ta kife kukar a tabarma.
Sukurori huɗu, ɗaya ya ci tsatsa sai da man gyaɗa.
Ni, tsohon malami, aikina riƙe fitilar wayata.

Ciki kuwa tarihin gidanmu ne:
busasshiyar miyar kuka, kunun wani azumi,
gawar kyankyasai biyu,
da jar waya, rigarta ta narke,
ta jingina tsirara da ƙarfen jiki.
Ta ce, da ka zagaye shi, Baba,
ta jikinka wutar za ta nemi hanyar fita.

Na dubi ƙafata, ba takalmi,
siminti jiƙe da ruwan buta.

Ta cire wayar, ta rufe bakin.
Salatef ba ya jure zafin nan, in ji ta,
gobe in na taso zan biya kasuwa.
Kafin nan kar a taɓa hagu.
Ta tafi, har rariyar ta manta.

Wake ya nuna a kan dama bayan isha'i,
ina saukewa suka ɗauke abarsu.
Na kira Funtuwa, murya cike da taƙama:
Uwani, mun gano ciwon kukarki, kan hagu ne!
Jaririya na nata kukan a bayanta.
Ta ce, Malam, tun damina ban ɗora komai a hagu ba.
Sau uku ina faɗa maka,
kana ce min to, to,
idonka na kan jaridar da kake karantawa.
Ka sa gishiri a waken kuwa?

Ban sa ba.
Na zauna a duhu da kwano a cinya,
ina kallon inda bireka yake, ban gan shi ba.
Ashe a gidan nan ba na jin magana
sai an ɗauke min wuta.