Zoben Madara

Daga ƙasan firjin kifin Alhaji Barau na ɗebo su,
can Sabon Gari, bayan layin 'yan gwanjo,
inda ruwan ƙanƙara ke kwanciya yana ƙarni.
Ya dube ni, ya dubi audugar hannuna,
ya ce, "'Yar boko, datti ma karatu ne?"
Na ce, karatu ne, Alhaji.

A Samaru na shimfiɗa musu madara a faranti,
na raba musu masauki kamar baƙin biki:
waɗannan digiri huɗu, waɗannan sha biyar,
waɗannan ashirin da biyar,
na ƙarshe talatin da bakwai, ɗumin jinin ɗan Adam.

Ba a ganin su, aikinsu ake gani.
Wani sinadari suke tofarwa, inzayim muke ce masa,
yawu ne mai wuƙa a ciki,
yana daddatsa madara har ta haɗiyu.
Inda ya ci sai farin ya washe,
zobe ya fito garau kewaye da ɗigonsu.
Da rula nake auna shi kowace safiya
tun ban karya kumallo ba.

'Yan digiri huɗu tafiyar hawainiya suke,
kwana biyar, zobe siriri kamar zare.
'Yan ashirin da biyar sun hayayyafa, sun cika faranti,
ga yawa, ga ƙiba,
zoben kuwa bai fi farcen jariri ba.
Taron tsintsiya, ba shara.
'Yan talatin da bakwai ko tari ba su yi ba.
Sai 'yan sha biyar, marasa hayaniya,
su ne suka buɗe mini zobe
mai faɗin murfin kwalba.

Dakta Uwani ta ce ɗinkin nasu ne haka:
sako-sako aka yi wa sinadarin
don ya iya juyi inda kowa ya sandare.
Abin da ya ba shi motsi a sanyi
shi ke kashe shi a zafi.
Ɗumi na taɓa shi, zaren ya zare, rigar ta warware.

Daren Talata, tsakiyar bazara,
wuta ta ɗauke.
Malam Jatau ya leƙa tankin inji da tocila,
ya ce ko na shafa wa kaca babu.
Ma'auni ya soma hawa ina kallo,
sha shida,
sha tara,
ashirin da biyu,
wata bakwai na aikina suna gumi a bayan gilashi.

Acaɓa na hau zuwa Hayin Dogo,
na buga wa Asabe mai ƙanƙara ƙofa.
Dunƙule biyu suka rage mata, ta ce kawo kuɗin uku.
Ban yi ciniki ba.
Ina dawowa na tarar Malam Jatau ya mirgino randarsa,
ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu,
ya samo mafici har biyu.

Muka jera farantan ciki, muka zauna firfita.
Can ya ce, "Wai me za su tsinana wa mutane?"
Na ce, wataƙila sabulu, wata rana,
mai cin maiƙo a ruwan sanyi, ba sai an hura itace ba.
Ya yi shiru.
Ya ce, "Ni ma da asuba kaina ke ja.
Rana na take tsaka, lissafina ya warware."
Sauro ya ci rabonsa a ƙafafunmu.
Jirgin ƙasa bai wuce ba, kare ma ya gaji da haushi.

Da aka kira salla na ɗauko rula.
Faranti biyu sun tafi, madarar ta yi tsami.
Na uku na ɗaga wa hasken taga:
zoben ya ƙaru,
da kaurin ƙwayar gero.

Ƙarfe goma wuta ta dawo, ba ko sallama.
Na rubuta lambar a littafi,
hannuna na warin buhu,
na fita neman ƙosai na mutum biyu.