Bokitin Citta

Kwalin ya zo ranar Laraba, a motar Kaduna,
an rubuta sunana da jan biro.
Nafi'u ya ce a waya: Baba, tun da ka ajiye aiki
zama ya yi maka yawa. Ga abin taɓawa.

Na buɗe a tsakar gida.
Bokiti mai 'yar huda a murfi,
tiyo siriri kamar hanjin kaza,
kwalabe shida, ma'aunin zafi,
ƙullin yis wanda bai kai gishirin miya ɗaya ba,
da takarda mai ƙananan baƙaƙe
da sai da na aro tabarau na biyu.

Shekara talatin da ɗaya na yi a Hukumar Ruwa.
Na san bututu, na san inda yake yoyo
daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa,
amma ban taɓa jin ruwa na numfashi ba.

Citta rabin mudu, ni na daka.
Hurera ta jingina da ƙofar kicin
tana kallon taɓarya a hannun mai furfura.
Ba ta ce komai ba. Turminta take tausayi.

Na tafasa, na zuba sikari, na matse lemon tsami.
Takarda ta ce a jira ya huce.
A Katsina, a watan Afrilu!
Sai da na naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu
na ajiye shi gefen randa kamar mai zazzaɓi,
sannan na barbaɗa yis da bismilla.

Tsakar dare na farka.
Ɓul.
Shiru.
Ɓul.
Na haska tocila, na tsuguna,
ni da bokiti muna sauraron juna
har aka kira assalatu.

Kwana biyu, in ji takarda, kada ya wuce.
Sai rasuwa ta faɗo a Rimi.
Kwana biyar muka yi.

Da na ɗaga murfin
ba citta ce ta tare ni ba.
Wata tsohuwa ce, a bayan rumbu,
can ƙauyen da ke gaba da Malumfashi,
tana juya tukunya da muciya doguwa,
hayaƙi na shiga idonta, tana dariya.
Tambai.
Kakata ta wajen uba.
Ba ta taɓa fuskantar gabas ba,
kuma mahaifina bai yarda a ambace ta a zaure ba.
Sau uku kacal aka kai ni.
Ta gasa min gyaɗa a toka, ta shafa kaina,
tafinta na ƙanshin tsiron dawa,
wannan tsamin, wannan ɗumin,
da shekara sittin ba su wanke daga hancina ba.

Na ɗiba a kofi na kai wa Malam Ƙasimu.
Ya sunsuna daga nesa, ya mayar min.
Ya ce, Alhaji, wannan ya tsallake iyaka,
tun shekaranjiya ya daina zama lemo.

Na sani tun kafin in tambaya.

Gindin gwanda na zubar da shi, a hankali,
ba kamar yadda ake zubar da ruwan wanki ba.
Ƙasa ta sha, ta yi kumfa kaɗan, ta lafa.
Tururuwa suka zo, suka kewaya, suka rasa hanya.

Na wanke bokiti da ruwan zafi,
na busa tiyo, na kife kwalabe a rana.
Gobe zan koma kasuwa neman citta,
wannan karon Hurera ce mai riƙe lissafin kwana.

Da yamma Nafi'u ya kira:
Baba, ya lemon? Ya yi daɗi?
Na ce, bar batun lemo tukuna.
Kana da kati a wayarka?
Zauna.
Akwai wani suna da ban taɓa faɗa maka ba.