Adireshi Huɗu

An rufe biro, kowa ya hau kabu-kabu ya tafi.
Saura ni da fanka mai tari
da wani akwati mai ƙifta koren ido
a ƙarƙashin benen Alhaji Tsahiru, mai fataucin riɗi.

Kwamfuta sittin da uku ke gidan nan,
kowace da sunanta na cikin gida,
sunan da ba ya wuce zaure.
Kamfanin waya kuwa adireshi huɗu ya sayar mana,
huɗu rak,
su ma sai da Alhaji ya yi tsaki kafin ya ƙirga jikkuna.

Kakana fatoma ne a Tibiri.
Baƙo ya sauka da kaya, ba wanda ya san shi,
sai ya shiga kasuwa da sunan kaka,
ya saya, ya sayar, ya dawo.
Kaka ya ƙulla ƙulli a igiya:
wannan na Ba'adare ne, wancan na mutumin Jibiya.
Bai taɓa ba wani canjin wani ba.

Abin da nake koya wa katangar nan ke nan.
Uku na zuba a tukunya ɗaya, kowa ya ara,
ya fita da rigar aro, ya maido.
Ta huɗu na ware wa Madam Zuwera ta lissafi,
don banki ba ya buɗe ƙofa
sai ga fuskar da ya sani.

Ƙarfe goma sha ɗaya na buga takwas inda tara take.
Gidan ya kurmance.
Na aika sallama waje, shiru.
Na sake, shiru.
Zufa ta bi gadon bayana kamar kiyashi.
Layi-layi na bi, da yatsa a kan gilashi,
har na ga ɓarawon yana zaune, ya harɗe ƙafa.

Na gyara. Na adana,
kafin kuran ya tuna da mu ya ɗauke.

Gobe saƙo zai je Kwatano ya dawo,
ba wanda zai tambayi ta wace ƙofa.
Alhaji zai wuce ya ce, ina yaron wayar nan?
Shekara biyar bai riƙe sunana ba.
Ba komai.
Akwatin ya riƙe na kowa,
ni kuma Inna na kirana Dodo, daga Tibiri,
wai in zo da sukari.